Garkuwar fuska

1. Fuskarmu

Kowa ya sa hannu ya shafa fuskarsa. Ku fara daga goshi, ku gangaro kan gira, da hanci, da kunci, har haɓa. Me kuka ji a ƙarƙashin fata? Ƙashi ne. Ban da ƙoƙon kai, fuskar mutum tana da ƙasusuwa 14. Waɗansu masu ƙarfi ne, kamar muƙamuƙin ƙasa da muke tauna da shi. Waɗansu kuwa ba su da kauri. Ƙashin hanci ɗan ƙarami ne, ba ya jure bugu. Ƙashin da ido yake zaune a kansa ya fi shi rashin ƙwari, kusan kamar ɓawon ƙwai yake.

Ido yana cikin wani rami na ƙashi. Sunan ramin kwarmin ido. Faɗin bakinsa wajen santimetir 4 ne. Gira tana tsaronsa daga sama, ƙashin kunci daga ƙasa, hanci kuma daga gefe. Katanga ke nan Allah ya gina wa ido. In abu mai faɗi ya bugi fuska, katangar ce take tare shi. Amma in abin ƙarami ne, kamar tsakuwa ko tsinke ko ƙwallon magarya, sai ya bi ta ƙofa ya sami idon kansa.

Sai haƙora. Haƙoran farko na yaro guda 20 ne. In ya kai wajen shekara 6 sai ya soma famfara, sababbi su fito. Babban mutum yana da haƙora 32. Ba a yin famfara sau biyu. Haƙorin da ya karye bayan famfara, wani ba zai tsiro a gurbinsa ba.

To, ga ido, ga hanci, ga baki, duka a wuri guda, kuma duka a buɗe. Muna sa takalmi don ƙaya. Muna sa malfa don rana. Fuska fa, me muke sa mata?

2. Wani wasa na ƙasar Amurka

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da ake kira sofbol. An ƙago shi a birnin Cikago a shekarar 1887. Maza da mata suna yin sa, amma a makarantu ƴan mata sun fi yawa. Ya shiga wasannin Olimpik a shekarar 1996.

Ga yadda ake yi. Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum 9. A cikin fili akwai zango huɗu, an jera su kamar kusurwoyin ɗaki. Tsakanin zango da zango wajen metir 18 ne. Yarinya guda tana tsayawa a tsakiya, ita ce mai jifa. Wata daga ɗaya ƙungiyar tana tsaye a zangon farawa da kulki a hannu, ita ce mai bugu. Mai jifa ta wurgo ƙwallo, mai bugu ta make shi da kulki, ta sheƙa da gudu zuwa zango na gaba. Masu tsaron fili su kuma su yi ƙoƙarin cafke ƙwallon, su riga ta kai shi zangon. Wadda ta kewaye zango huɗu ta komo gida, ƙungiyarta ta ci ɗaya.

Ma'anar sunan wasan a Turancin Ingilishi ita ce ƙwallo mai laushi. Amma suna ne kawai. Ƙwallon tauri gare shi, ba iska a cikinsa. Girmansa ya kai na babban lemun taɓa ka lashe ko ɗan ƙaramin duma: kewayensa santimetir 30 ne, nauyinsa kuwa ya kusa garam 200.

A bayan mai bugu akwai wata da take tsugune, tana cafke ƙwallon da ya wuce. Ita tun da daɗewa ake rufe mata fuska. Wani ɗalibi mai suna Fred Thayer, na jami'ar Harvard, shi ya ƙera garkuwar fuska irin tata, don wasan besbol, wanda yake wan sofbol ne. An fara sa ta a wasa a shekarar 1877. Amma mai jifa da masu tsaron zangunan kusa, su an daɗe ana barinsu da fuska a buɗe. Da aka ga yara suna ta samun karayar hanci da faɗuwar haƙora da ciwon ido, sai iyaye da masu koyar da wasa suka soma sa musu garkuwa su ma. A shekarar 2017 hukumar wasannin makarantun sakandare ta jihar Kentaki ta mai da abin doka: mai jifa, da mai tsaron zango na ɗaya, da mai tsaron zango na uku, dole su rufe fuska. A wurare da yawa kuwa ba doka ba ce, shawarar iyaye ce da malamai.

3. Mu yi lissafi

Wani zai ce: don me ba za ta kauce ba? Bari mu ga ko tana da lokacin kaucewa.

In yaran ƴan shekara 11 ko 12 ne, tsakanin mai jifa da mai bugu metir 12 ne. Ku auna metir 12 a filin makaranta, ku gani. Ya ɗara nisan bugun fanareti da metir guda kawai, don shi metir 11 ne.

Mu ɗauka ƙwallon da aka buga yana gudun kilometir 90 a awa, kamar motar da ta miƙe kan kwalta daga Magarya zuwa Damagaram. Kilometir 90 metir 90.000 ke nan. Awa guda tana da minti 60, minti guda yana da daƙiƙa 60. Awa guda daƙiƙa 3.600 ke nan. Mu raba 90.000 gida 3.600. Mun sami 25. Ashe ƙwallon yana cin metir 25 a kowace daƙiƙa. Metir 12 fa? Bai cika rabin daƙiƙa ba.

A cikin wannan ɗan lokaci, sai ido ya ga ƙwallo, ya kai labari ga ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta ba hannu umurni, sannan hannu ya tashi. Kafin hannu ya soma motsi ma, wajen rubu'in daƙiƙa ya wuce. Ga shi kuma mai jifa ta taka gaba wajen jifa, nisan ya ƙara raguwa, jikinta bai gama daidaita ba. Kafin ƙiftawa da bismilla ƙwallo ya iso. Ko yarinyar da ta fi kowa zafin nama tana iya makara. Ba rashin iyawa ba ne, lokacin ne babu.

4. Yadda garkuwar take aiki

Garkuwar fuska kamar ɗan keji take. Ana yin ta da sandunan ƙarfe ko da wata roba mai ƙarfin gaske. An jera sandunan yadda ƙwallo ba zai iya ratsa tsakaninsu ba, amma ido yana gani sarai, iska kuma tana shiga. Daga ciki akwai matashi biyu masu laushi, ɗaya a goshi, ɗaya a haɓa. Maɗauri yana riƙe ta ta bayan kai.

Aiki uku take yi. Na ɗaya, tana tare ƙwallo tun bai taɓa fata ba, don akwai rata tsakanin sanduna da fuska. Na biyu, tana ɗauke ƙarfin bugu daga ƙasusuwa marasa ƙwari, ta watsa shi kan goshi da haɓa, waɗanda suka fi ƙarfi. Na uku, matashin yana lotsawa, ya shanye wani kashi na bugun.

Kun san wannan dabara tun a gida. Yarinya in za ta ɗauko tulu daga rijiya, me take fara sawa a ka? Gammo. Gammo ba ya rage nauyin tulu ko da garam guda. Amma in babu shi, gindin tulu yana danna wuri ɗaya tak a tsakar ka, sai zafi. Da gammo kuwa nauyin ya bazu ko'ina. Ƙarfin da ya taru wuri guda shi ke huda ko karyawa. In ya bazu, jiki yana iya ɗauka.

Wannan ne ma ya sa ƙwallon ƙafa bai cika fasa fuska ba, ko da yake ya fi na sofbol nauyi, don ya wuce garam 400. Shi babba ne, cike da iska. In ya bugi fuska sai ya lotsa, bugun ya bazu. Amma ƴar tsakuwar da ba ta kai garam 20 ba tana iya kashe ido.

Abu guda garkuwar ba ta iyawa. Ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikin ƙoƙon kai in bugu ya yi tsanani. Don haka ko mai garkuwa in ya sha bugu a ka, sai an duba shi.

5. Kakanninmu sun san wannan

Ba Turawa kaɗai suka san dabarar tare bugu ba. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a shekarar 1884, akwai mayaƙa da ake kira ƴan lifidi. Lifidi riga ce mai kauri, an cusa mata auduga ko audugar rimi, an ɗinke ta layi-layi. Ana sa wa mahayi, ana sa wa dokinsa. Kibiya in ta zo sai ta maƙale cikin auduga. Takobi in ya sauka, ƙarfinsa ya ragu. A ka kuma suna sa kwalkwali. Waɗansu suna sa sulke, rigar da aka saƙa da ƙananan zobban ƙarfe, su riƙe garkuwar fata a hannu. Wanda ya taɓa ganin hawan salla a Daura ko a Kano ya ga irin wannan shiga.

Su wa ake sa wa lifidi? Matsorata? A'a. Jarumawan da ake sawa a gaba ne, waɗanda suka fi kusa da abokan gaba. Haka mai jifa take a filin sofbol: ita ta fi kowa kusa da kulki.

Yau ma ku duba cikin kasuwa. Mai walda yana rufe ido da baƙin gilashi, don hasken wutar yana ƙona ido, ga kuma tartsatsi. Ɗan kabu-kabu mai hankali yana sa kaske kafin ya hau babur. Kowace sana'a da garkuwarta.

6. Gwanaye ma suna sawa

Kun san Victor Osimhen, ɗan ƙwallon Nijeriya. Kun lura da baƙin abin da yake ɗaurawa a fuska? Ga dalili. Ran 21 ga watan Nuwamba na shekarar 2021, yana buga wa ƙungiyar Napoli ta ƙasar Italiya wasa da ƙungiyar Inter, a birnin Milan. Ya yi tsalle zai sa wa ƙwallo kai, wani ɗan wasa shi ma ya yi tsalle, suka yi karo. Ƙashin kuncinsa na hagu da na kwarmin ido suka karye. Likitoci suka yi masa aiki, suka haɗa ƙasusuwan da ƴan faranti 6 da kusoshi 18 na wani ƙarfe mara tsatsa. Da ya warke ya komo fili da garkuwar da aka ƙera daidai fuskarsa. Da ita ya ci ƙwallo 26 a gasar Italiya, Napoli ta ɗauki kofi a shekarar 2023. A wannan shekara kuma aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka.

Mu komo gida Nijar. Abdul Razak Isufu Alfaga ya samo wa ƙasarmu lambar azurfa ta wasan taikwando a Olimpik na birnin Riyo, ƙasar Barazil, a shekarar 2016. A 2017 ya zama zakaran duniya a ƙasar Koriya ta Kudu. A wannan wasa ana kai duka da ƙafa har ka. Dokar wasan ba ta yarda kowa ya shiga fage ba sai da hular kariya, da rigar kare ƙirji, da robar da ake sawa a baki don haƙora. Zakaran duniya ma sai da ya sa su.

Saboda haka in wani ya ce kare fuska tsoro ne, ku tambaye shi: Alfaga matsoraci ne?

7. Wasanninmu

Mu a Magarya da Dungas, da Bande, da Waca, da Guci, da Malawa, wasanninmu dabam ne. Muna ƙwallon ƙafa, da langa, da kokowa, da dambe na wasa. Ba ma bukatar garkuwar ƙarfe a cikinsu. Amma fuskarmu iri ɗaya ce da ta yaran Amurka, kuma abubuwan da ke yi mata ɓarna suna nan kewaye da mu.

Na farko danƙon harbi. Tsakuwarsa ƙarama ce, gudunta kuwa ya fi ƙarfin kaucewa. Kun riga kun san abin da ƙaramin abu yake yi wa ido. Kada a auna mutum da danƙo, ko da wasa. Kada a yi harbi inda mutane suke. Haka majaujawa da ake korar tsuntsaye da ita in hatsi ya nuna: mai kaɗa ta ya duba dama da hagu tukuna, ƙannensa su tsaya nesa. Haka baka da kibiyar kara.

Na biyu jifan itatuwa. Ana jifan magarya, da kanya, da goriba, da mangwaro. Duk abin da aka jefa sama zai sauko. Yaron da ya tsaya a gindin itace ya ɗaga kai yana jira, ya miƙa wa dutse fuskarsa ke nan. A gama jifa tukuna, sannan a shiga tsinta.

Na uku filin wasa. Mai langa hannunsa guda yana riƙe da ƙafa. In ya faɗi, hannu ɗaya ne zai tare masa ƙasa. Don haka kafin a fara, a share fili. A kwashe duwatsu, da ƙaya, da fasassun kwalabe, da kututturan kara. A yi kokowa a kan rairayi. Kada a yi gudu da alƙalami ko tsinke a baki. Manya su yi da manya, ƙanana da ƙanana.

Wata kila wani a cikinku, gwanin ƙera motar waya, ya ce zai ƙera garkuwar fuska da kansa. Kada ya yi. Waya tana lanƙwashewa, bakinta ya soki ido. Gwangwani yana yanka. Gilashin tabarau na kasuwa yana fashewa. Garkuwa ta gaskiya sai an gwada ƙarfinta a ma'aikata kafin a sayar. Garkuwarmu mu ita ce tsari da bin doka.

8. In tsautsayi ya auku

A tsai da wasa nan da nan, a kira malam ko wani babba.

In ƙasa ce ta shiga ido, kada a murza. A wanke da ruwa mai tsabta, da yawa.

In bugu ne ko suka a ido, kada a murza, kada a danna. In wani abu ya kafe a ciki, kada a cire. Kada a ɗiga kome: ko nono, ko ruwan ganye, ko tozali. A kifa ɗan kofi mai tsabta a kan idon, a ɗaure shi a hankali, a tafi gidan likita mafi kusa a wannan rana. Ko da yaron ya ce ba zafi, in ganinsa ya dushe sai an kai shi. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura shi asibitin Magarya ko babban asibitin Damagaram.

In haɓo ne, yaro ya zauna, ya ɗan sunkuyar da kai gaba. Ya matse wuri mai laushi na hancinsa minti 10, yana numfashi ta baki. Kada ya ɗaga kai sama, don jini zai bi ta maƙogwaro.

In babban haƙori ya fita ɗungum, a nemo shi. A riƙe shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, kada a kankare ta. A sa shi cikin madara, a ruga da shi wurin likita. In ba a wuce awa guda ba, sau da yawa ana iya mai da shi ya kama. Haƙorin farko kuwa ba a mai da shi.

In bugu a ka ne, kuma yaro ya suma, ko yana amai, ko jiri, ko barci yana ɗibarsa, ko ya manta abin da ya faru, kada ya koma wasa. A kai shi asibiti.

Kada ku ɓoye ciwo don tsoron faɗa. Faɗan baba na yini guda ne. Idon da aka makara da shi ba ya dawowa. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. Ƙasusuwa nawa ne a fuska? Waɗanne ne ba su da ƙwari?
2. Don me tsakuwa ta fi ƙwallon ƙafa haɗari ga ido?
3. Su wa jihar Kentaki ta tilasta wa rufe fuska? Don me su?
4. Faɗi aiki uku da garkuwar fuska take yi.
5. Ta ina lifidi ya yi kama da gammo?
6. Abokinka ya sami suka a ido. Me za ka yi? Me ba za ka yi ba?

Lissafi

Ƙwallo yana gudun kilometir 72 a awa. Metir nawa yake ci a daƙiƙa guda? Daƙiƙa nawa zai yi kafin ya ci metir 10?

Aikin yi

Ku samo sakaina biyu masu kauri ɗaya, ku kife su a ƙasa. Ku ɗora gammo a kan ɗaya. Malam ya saki dutse guda daga tsawon metir 1 a kan kowace, ku kuwa ku ja da baya. Ku rubuta abin da kuka gani.

Ku zana fuska a allo. Ku rubuta sunan kowane sashe da Hausa, sannan da Faransanci.

Ku tambayi wani tsoho a garinku ko ya taɓa ganin ƴan lifidi. Gobe ku kawo wa aji labari.